Daga Hunturun Illela Zuwa Bakin Teku: Yadda Ake Zaɓen Laima da Sanda a Wasan Sululu da Iska

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, mutanen Lafani da sauran garuruwan ƙasar Illela ba sa bukatar mai hasashen yanayi ya gaya musu inda iska ta fito. Daga arewa maso gabas take kaɗowa, ta ratso Birnin Ƙonni, ta tsallako iyaka ba tare da ta tsaya a shingen kwastan ba, ta bar leɓe a tsage, ta bar ƙura a kan kowace tasa. Mafi yawan wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne iskar ba a ƙasar Hausa take ƙarewa ba. Tana ci gaba yamma har ta faɗa Tekun Atlantika, hazonta kuma yakan kai tsibiran Kap Barde, kimanin kilomita 570 daga gaɓar Senegal.

A can, a tsibirin Sal, wannan lokaci shi ne kakar samun kuɗi. Baƙi daga Turai kan cika garin Santa Maria domin wasan da ake kira kaitbodin: mutum ya tsaya a kan wani ɗan allo bisa ruwa, wata ƙatuwar laima tana can sama tana jan sa da ƙarfin iska, shi kuwa yana sarrafa ta da sanda da igiyoyi. 'Ya'yan tsibirin sun ƙware har sun gagari duniya. Mitu Monteiro ya zama zakaran duniya a fannin hawan igiyar ruwa a 2008, bayansa kuma Airton Cozzolino da Matchu Lopes, dukansu haifaffun Kap Barde, suka ɗauki kambun.

Wanda ya ga bidiyon wasan a waya, ya ga mutum ya tashi sama kamar an fizge shi, yakan ɗauka ƙarfin dantse ne ko rashin tsoro. Gaskiyar magana, kafin ƙafa ta taɓa ruwa an riga an yi rabin aikin a bakin gaɓa, lokacin da mai wasan ya tsaya ya dubi iska ya yanke shawarar wace laima zai hura da wace sanda zai ɗaura mata. Wanda ya yi kuskure a nan, gwanintarsa ba za ta cece shi ba.

Laimar ba irin ta ruwan sama ba ce. Yadi ne na leda mai ƙarfi da rashin nauyi, an ɗinka shi kamar jinjirin wata, gefensa na gaba kuma wani dogon bututu ne da ake hura wa iska da famfon hannu har ya yi tauri. Wasu ƙananan bututu suna gilmawa daga gaba zuwa baya don su riƙe siffar. Amfanin wannan tsari biyu ne: laimar ba ta lanƙwashewa a sama, idan kuma ta faɗo ruwa ba ta nutsewa, ana iya sake tayar da ita. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka ƙirƙiro ta, suka yi rajistar fasahar a 1984. Laimomin farko sun yi ta'adi sosai, domin idan iska ta ƙaru babu yadda za a yi a rage musu ƙarfi, sai dai su ja mutum duk inda suka ga dama. Sai wajen 2005 aka fito da wani sabon ɗinki mai faɗi wanda da an tura sanda gaba yake zubar da mafi yawan ƙarfinsa. Daga nan ne wasan ya zama abin da za a iya koya wa kowa.

Da murabba'in mita ake auna girman laima, kuma akan rubuta lambar ɓaro-ɓaro a jikinta: 7, 9, 12, 14. Ƙananan kan fara daga wajen 4 ko 5, manyan su kai 17. Laima mai lamba 12 idan aka shimfiɗa ta a ƙasa za ta kusan rufe daɓen ɗaki madaidaici.

To, wacce za a ɗauka? Abu biyu ne ke kan gaba, nauyin mutum da gudun iska. Masu wasan suna da wani lissafi na kusa-kusa da suke fara aiki da shi. A ɗauki nauyin mutum a kilo, a ninka sau 4, a raba da gudun iska a kilomita cikin awa ɗaya. Mai kilo 70 idan iska na gudun kilomita 28 a awa, 70 sau 4 ya ba da 280, a raba da 28 a sami 10. Ke nan laima mai lamba 10 ce tasa. Idan iskar ta hau zuwa 40, sai ya koma lamba 7. Idan ta sauka zuwa 20, sai 14. A wannan iska ɗaya mai gudun 28, ƙato mai kilo 90 zai nemi 13, yarinya mai kilo 50 kuwa 7 ta ishe ta. Shi ya sa mutum biyu kan tsaya a gaɓa ɗaya, a sa'a ɗaya, laimar ɗaya ta kusan ninka ta ɗayan, kuma kowa ya yi daidai. Masu wasan a tsakaninsu da ma'aunin masu jiragen ruwa suke magana, wato not, wanda kowane ɗaya ya yi daidai da kilomita 1.85 a awa.

Sai dai wannan lissafi yana ɓoye wani abu mai hatsari. Ƙarfin jan iska ba kafaɗa da kafaɗa yake tafiya da gudunta ba. Idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin ja sau 4 yake ninkawa. Idan ya ninka sau 3, ƙarfin ya zama sau 9. Mutumin da ya tayar da lamba 14 a iska mai gudun 20, yana jin daɗinsa, in iskar ta yi tsalle zuwa 40 cikin 'yan mintoci, abin da ke ɗaure a ƙugunsa ya koma wani abu daban. Yana iya ɗaga shi sama ya yi jifa da shi a kan dutse ko gini ko bishiya. Hatsarurruka masu muni a wannan wasa, da yawansu a bakin gaɓa suke aukuwa wajen tayar da laima ko sauke ta, inda akwai abin da za a buga mutum da shi, ba a tsakiyar ruwa ba.

Saboda haka duk malamin kirki zai ce wa ɗalibinsa, in ya yi kokwanto tsakanin biyu ya ɗauki ƙaramar. Wanda laimarsa ta yi masa kaɗan, iyakarta ya kasa tashi a kan allo, ya yi iyo ya fito yana jin haushi. Wanda ta yi masa yawa yana iya kwana a asibiti. Son a ce wane ne mai babbar laima cuta ce da ke kama sababbin shiga, kuma ya kamata a yi maganinta tun ranar farko.

Tun da laima ɗaya ba ta ɗaukar kowace iska, mai wasa na gaske yakan tanadi biyu ko uku. Matsakaicin mutum ya fi haɗa 9 da 12, ko kuma 7 da 9 da 12, ta yadda inda ɗaya ta gaza ɗayar za ta karɓa. Inda zai yi wasan shi ke nuna masa waɗanda zai saya. A Dakhla, wani dogon lungun teku a Yammacin Sahara da ke hannun Maroko, iska kan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Satumba, ƙananan laimomi su suka fi fita daga jaka. A Paje ta tsibirin Zanzibar, inda ake da iskar Kaskazi daga Disamba da iskar Kusi daga Yuni, ta fi sauƙi, lamba 12 ce abokiyar tafiya. A Cape Town ta Afirka ta Kudu kuwa, iskar kudu maso gabas kan yi tsananin da gwanaye ke tsalle sama da mita 20 da 'yan ƙananan laimomi.

Allon ma yana da ta cewa. Mai faɗi da tsawo yakan taso saman ruwa da wuri, don haka ba ya bukatar ja mai yawa. Akwai kuma wani allo mai dogon ƙarfe a ƙarƙashinsa da fiffike a ƙarshen ƙarfen, wanda da ya soma gudu sai allon ya ɗago sama da ruwa ɗungurungum, fiffiken kaɗai ya rage a ciki. Irin wannan aka yi tsere da shi a gasar Olamfik ta Paris a 2024, karon farko da aka shigar da wasan. A tekun Marseille aka yi, Ellie Aldridge ta Birtaniya ta ci zinare a ɓangaren mata, Valentin Bontus na Ostiriya a na maza, wani yaro ɗan shekara 17 daga Singafo, Maximilian Maeder, ya samu tagulla. Rashin iska ya yi ta jinkirta tseren, kuma a irin wannan hali zaɓen laimar da za a fita da ita yakan raba mai nasara da mai biye masa tun kafin a busa usur.

Akwai wani abu da mutumin ƙasar zafi ya kamata ya sani. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. A ranar bazara da zafi ya kai digiri 40, kamar yadda yake kaiwa a Illela cikin Afrilu, iskar ta gaza wadda ke digiri 15 kauri da kusan kashi 8 cikin 100. Gudu ɗaya ne a ma'auni, amma jan ya fi rauni. Iskar safiyar hunturu ta fi ta tsakar ranar bazara ƙarfin turi ko da gudunsu ya zo daidai.

Auna gudun iska kuwa, akwai 'yar na'ura mai farfela da ake ɗagawa sama, akwai kuma manhajojin waya. Amma ido ya riga su. Tun 1805 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara matakan iska bisa abin da ake gani. Idan ta soma ɗaga ƙura da takardu, ƙananan rassa suna motsi, tana tsakanin kilomita 20 da 28. Idan ƙananan bishiyoyi suka fara rangaji, ta kai 30 zuwa 38. Idan manyan rassan dogon yaro suna kaɗawa, wayoyin lantarki suna fito, ta haura 40. Matar da ke shiƙar gero a masussuka ta daɗe da sanin wannan karatu. Tana ɗaga ƙwarya ta zubo kaɗan ta ga inda ƙaiƙayi ya nufa da nisan da ya yi, daga nan ta san ko ta ci gaba ko ta dakata.

Inda iskar ta dosa ma abin dubawa ne. Wadda ke tasowa daga tudu tana shiga teku kai-tsaye ita ce mafi sharri, domin in wani abu ya lalace sai ta yi ta tura mutum ciki har ya ɓace wa ido. An fi son wadda ke zuwa a karkace, tana bin gaɓa tana ɗan turo mutum waje. Kuma babu lambar laimar da ta dace da gaban hadari. Duk wanda ya taɓa ganin holoƙon farkon damina a Sakkwato, yadda gari kan yi tsit, gabas ta yi ja, sannan cikin ƙiftawar ido kwanon rufi ya kama tashi, ya san irin iskar da ake nufi. Mai hankali da ya hango baƙin gajimare ya taso, sauke laimarsa yake yi ya danne ta da yashi.

Sai maganar sanda, wadda sababbin shiga kan raina, alhali ita ce a hannunsu.

Tsawonta bai wuce santimita 45 zuwa 55 ba a mafi yawan lokaci. Igiyoyi huɗu ne ke haɗa ta da laima, kowace mai tsawon mita 20 zuwa 24, sirara kamar tsinken ashana, amma an saƙa su da wani zare mai suna Dyneema wanda kowace igiya ɗaya ke iya ɗaukar ɗaruruwan kilo. Biyu na tsakiya suna kama gaban laimar, su haɗu su zama ɗaya, su ratsa wata ƙofa a tsakiyar sandar, su ƙare a wani zobe. Zoben nan ake maƙalawa a ƙugiyar ɗamarar da mai wasan ya ɗaura a ƙugu. Ke nan nauyin jan ba a hannu yake ba, a ƙugu yake, shi ya sa yara da mata da dattawa ke iya wasan. Biyu na gefe suna tashi daga bakunan sandar zuwa kunnuwan laimar na baya. Aikinsu aikin linzami ne a bakin doki: a ja hagu ta karkata hagu, a ja dama ta yi dama. Don kada a riƙe ta a juye, akan yi wa ɓangaren hagu jan launi.

Sandar tana kuma zamewa sama da ƙasa a kan igiyar tsakiya. In an jawo ta kusa da ciki, laimar ta buɗe wa iska fuska, ƙarfi ya ƙaru. In an tura ta gaba, laimar ta kwanta, iska ta wuce ta. A nan ne ɗabi'ar ɗan Adam ke cutar da shi. Wanda ya tsorata, abin da jikinsa ke ba shi shi ne ya ƙanƙame abin da ke hannunsa ya jawo shi ƙirji, wanda kuwa shi ne ƙara wa laimar wuta. Darasin farko a kowace makarantar koyon wasan shi ne koyon sakin sanda, kuma ana maimaita shi har hannu ya saba ba tare da ya jira umarnin ƙwaƙwalwa ba.

In sakin sanda bai wadatar ba, akwai mataki na biyu. A saman zoben akwai wani jan marfi da ake turawa gaba da hannu ɗaya. Da an tura shi zoben ya buɗe, laimar ta rataya a igiya guda, ta rasa ƙarfinta ta faɗo. In har ta ci gaba da ja, misali ta sarƙe da jirgin ruwa ko da wata laimar, sai mataki na uku: a kwance 'yar igiyar da ta rage a ɗamara, a bar laimar ta tafi. Akan kuma soke wata ƙaramar wuƙa mai lanƙwasa a ɗamarar don yanke igiyar da ta naɗe ƙafa. Muhimmancin wannan marfi ya kai har hukumar daidaita ingancin kaya ta duniya ta fitar masa da ƙa'ida ta musamman a 2020, mai lamba ISO 21853, wadda ta tanadi cewa dole ya buɗe cikin sauƙi ko da ja ya yi tsanani, ko yashi ya shige shi. Mai sayen sanda ya fara da tambayar wannan kafin ya tambayi launi ko farashi.

Daidaita sanda da laima ba shi da wuya. Doguwar sanda tana ba da ƙarin juyi, don haka ta dace da babbar laima mai nawar juyawa. Gajeriya ta dace da ƙarama, wadda dama can rawar kai gare ta. In aka sa wa lamba 7 doguwar sanda, ɗan motsi kaɗan sai ta wulwula ta doki ruwa. Kamfanoni da dama yanzu suna yin sandar da ake iya ƙara mata faɗi ko a rage, ta yadda ɗaya za ta yi wa laimomi biyu ko uku aiki. Tsawon igiya ma haka: dogaye suna kai laimar sama inda iska ta fi tsabta, suna ba ta filin yawo, suna taimakawa ranar da iska ta yi ƙasa. Gajeru suna sa ta amsa da sauri kuma suna rage mata ƙarfi, shi ya sa makarantu ke fara ɗalibai da su. Mai gajeren hannu kuma ya gwada ya tabbatar yana iya kamo sandar bayan ta zame har ƙarshe, kuma yatsunsa na kai wa ga igiyar rage ƙarfi da ke samanta.

Kayan suna da tsada. Sabuwar laima daga manyan kamfanoni irin su Duotone, Cabrinha, North ko F-One takan haura dala 1,000 nesa ba kusa ba, sanda kuma ɗaruruwan daloli. Don haka da yawa gwanjo suke saye, kuma mutumin bakin iyaka ba ya bukatar a koya masa cinikin gwanjo. Sai dai wannan gwanjon rai ne ake rataya masa. Yadin da rana ta ci yakan yi laushi ya daina ƙara in an murza shi. Zafi yana narkar da gam ɗin da ke riƙe bakin bututu, laimar ta riƙa sacewa a hankali, abin da ya kamata mai ajiye ta a ɗakin kwano ko cikin mota ya kiyaye. Igiyoyi kuwa da daɗewa sukan saɓa tsawo. Gwajinsu mai sauƙi ne: a ɗaura bakunan huɗun a ƙusa ɗaya, a ja sandar da baya, a ga ko duk sun miƙe tare. In ɗaya ta yi sako-sako, laimar za ta riƙa janyewa gefe guda. Haɗa sandar wani kamfani da laimar wani yana yiwuwa, amma sai an lura, domin wasu laimomin an ɗinka su ne don igiyoyin tsakiya su rabu can sama, wasu kuma kusa da sanda, ga kuma bambancin ƙulli a bakin igiya. Laimar da aka yi kafin 2006 kuwa, ko kyauta aka ba mai koyo, gara ya yi rumfa da ita.

Ko akwai ranar da za a ga irin wannan laima a sararin ƙasar Illela? Ruwa dai akwai ɗan abin da ba a rasa ba: ga tafkin Kalmalo a kusa, wanda ke cika da ja da baya gwargwadon damina, ga madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima. Amma iskar tudu ba kamar ta teku ba ce. Bishiyoyi da gidaje da zafin ƙasa suna yayyanka ta, ta zo da ƙarfi ta ɗauke ta sake dawowa, irin wadda ta fi wahalar zaɓa wa laima. Ga tarun masunta, ga kututturan da ruwa ya rufe, ga tsargiya a ruwan da ba ya gudu. Kuma wasa ne da ba a koyonsa daga bidiyo. Ƙungiyar IKO, wadda aka kafa a 2001, tana horar da malamai tana ba su shaida, kuma a hannun irinsu ake farawa.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne tudu. Tun 1990 wani mutumin New Zealand, Peter Lynn, ya fito da keke mai ƙafa uku da laima ke ja a kan fili, ana kuma yin sa a rairayin hamada da busassun tafkuna. Kafin wannan ma akwai 'yar laimar koyo mai murabba'in mita 2 ko 3, mai igiya biyu ko uku, wadda ake tsayawa a ƙasa a sarrafa. Yaran da ke haɗa jirgin leda da tsinken tsintsiya da zaren buhu, su ɗaura masa jela don kada ya yi ta juyi, sun riga sun san yadda ake saki da yadda ake ja. Laimar koyo mataki ɗaya ce gaba da wannan. Abin da take bukata shi ne fili bayan an kwashe amfanin gona, babu wayar lantarki ko bishiya ko garken dabbobi a gaba har tsawon igiya sau uku, da hantsin hunturu lokacin da iska ta fi tsayawa a hanya ɗaya, da babban mutum a tsaye a bayan yaron yana riƙe da shi, yana kuma hana shi naɗa igiyar a yatsa.